Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Banjo Mai Tsirkiya Huɗu

Banjo mai tsirkiya huɗu, wani kayan kiɗa mai kama da molo, mai dogon wuya da zagayayyen jiki da aka rufe da fata, ya yi tashe a ƙungiyoyin kiɗan jaz na Amurka a shekarun 1920, kuma waɗanda kamfanonin Vega da Gibson suka ƙera a wancan zamani sun cancanci a yi musu gyara cikin natsuwa.

Da farko a ɗauki hotonsa ta kowane ɓangare, sannan a sassauta tsirkiyoyin a cire su. A kwance ƙugiyoyin da ke ɗaure fatar, a goge tsatsarsu da tsumma mai laushi da ɗan mai. Kada a kankare fentin katakon, domin asalin fentin yana cikin abin da ke ba kayan daraja.

Fatar ce ta fi buƙatar haƙuri. Idan ta yage, a sauya ta da fatar maraƙi, wadda ita aka saba sa wa irinsa, ko da yake ta roba ta fi jure damshi. A riƙa ɗaure ƙugiyoyin kaɗan-kaɗan, kowace tare da wadda ke fuskantarta, har fatar ta miƙe daidai ta ko'ina.

Bayan an ɗaura sababbin tsirkiyoyi, a kafa ɗan katakon da ke tallafe su yadda sandar ƙarfe ta 12 da ke wuyan za ta faɗo daidai tsakiyar tsawon tsirkiyar. A ƙarshe a saita sautin tsirkiyoyin huɗu a kan sautukan kiɗa da ake kira C, G, D, A. Makaɗan ƙasar Ailan sun fi son G, D, A, E, wanda yake buƙatar tsirkiyoyi masu kauri.