Guagua: bas ce a Las Palmas, jariri ne a Santiago

Duk wanda ya sauka a tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, tun daga filin jirgi zai fara jin kalmar guagua. "Gwagwa" ake furta ta, amma idan mai magana na sauri takan fito kamar "wawa". Kada ranka ya ɓaci, ɗan'uwa, ba zaginka ake yi ba. Motar bas ake nufi.

A tsibirin Gran Canaria motoci iri biyu za ka riƙa shiga. Masu launin rawaya, na Guaguas Municipales, cikin birnin Las Palmas suke zagayawa. Shuɗɗan, na kamfanin Global, su ke fita sauran garuruwan tsibirin, kuma mai lamba 60 ita ke kwaso mutane daga filin jirgi zuwa tashar San Telmo. A tsibirin Tenerife koraye ne, na kamfanin TITSA. Abin da za ka gani a allon tasha shi ne Estación de Guaguas, don haka mai neman inda aka rubuta autobús yana iya wuce tashar bai sani ba. Haka ake kiran bas a Kyuba da Jamhuriyar Dominikan da Puerto Rico. Amma da ka haura Madrid ko Barcelona, ka koma autobús.

Inda lamarin ke juyewa shi ne Kudancin Amurka. A Chile da Ekwado da Bolibiya da yankin tsaunukan Peru, guagua jariri ne. Wannan ma'anar daga harshen Kecuwa na 'yan asalin yankin ta fito, inda wawa ke nufin ƙaramin yaro. Matan aure da suka je da goyo su fi kowa kula da wannan, domin a asibitin Santiago, babban birnin Chile, ma'aikaciyar jinya za ta tambaya, "¿Cuántos meses tiene la guagua?", wato watan jaririn nawa. Manhajar fassara ta waya takan ba da ma'ana guda ne kawai, tana iya kawo bas, uwa ta rasa amsar da za ta bayar. A kanti ma ropa de guagua kayan jarirai ne. A Ekwado kuwa, ranar 2 ga Nuwamba ana sayar da burodi mai siffar jariri a cikin zanen goyo, guaguas de pan.

To me ake kiran bas a can? A Santiago micro ce, kuma da katin bip! ake biya. A Buenos Aires, babban birnin Ajantina, colectivo ce, da katin SUBE. A Meziko camión suke cewa, alhali a Sifaniya camión babbar motar ɗaukar kaya ce.

Abin da muka fi so ka riƙe shi ne kalmar da ke tafiya tare da ita. A Kanari da Kyuba kowa na cewa coger la guagua, wato shiga bas, har malamin aji zai koya maka haka. Amma a Meziko da Ajantina da Yurugwai coger kalmar batsa ce, irin wadda mai kunya ba ya furtawa gaban mutane. Baƙo bai san dawan garin ba, sai ya faɗe ta gaban mai gidan haya ko shugabansa a wurin aiki, a yi shiru, shi kuwa bai san abin da ya jawo ba. Idan Sifaniyancinka a Sifaniya ka koye shi kuma Latin Amurka za ka, ka cire coger daga bakinka tun kafin ka hau jirgi, ka sa tomar a gurbinta, ko agarrar idan riƙe abu kake nufi.

Ka haddace wannan tambayar: "¿Dónde tomo el bus para…?" sannan ka ƙara sunan unguwar da za ka. Ana gane ta a duk ƙasashen nan, ba ta kuma da wata ma'ana ta daban. Idan ana ba ka amsa, ka kasa kunne ka ji sunan da mutumin ya kira motar da shi, wannan za ka riƙa faɗa a garin.