Kurakuran da ɗalibai ke yi a hanyar zama likitan yara

Da yawa daga cikin 'yan sakandare a Katsina da Daura, in ka tambaye su abin da suke son zama, sai su ce likitan yara. Buri ne mai kyau, kuma jihar nan tana matuƙar buƙatarsu. Sai dai kuskuren farko a wurin cike fom ɗin JAMB yake faruwa: yaro ya zauna yana neman kwas ɗin likitancin yara, alhali babu shi a matakin digirin farko. Kowa digirin likitanci na MBBS yake karantawa, shekara 6, bayan ya samu kiredit a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik. Daga nan sai shekara guda ta koyon aiki a asibiti, inda sabon likita ke zagaya manyan sassa huɗu, ciki har da na yara, wata uku-uku. Sai hidimar ƙasa. Bayan wannan ne zai shiga horon ƙwarewa, ya rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Idan aka haɗa, abin ya zarce shekara 12. Gara ɗalibi da iyayensa su san wannan tun farko, don kada a zo tsakiyar tafiya a fara cewa karatun ya ƙi ƙarewa, musamman ga 'ya mace da maganar aure za ta taso mata.

Akwai kuma masu karɓar gurbin karatu a ko'ina, a gida ko a ƙasar waje, ba tare da sun bincika ko hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci a Najeriya ta amince da makarantar ba. Ita ke ba da lasisin aiki, don haka a duba kafin a biya ko sisi.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai a jami'a shi ne raina darussan shekarun farko. Sai ka ji ɗalibi yana cewa shi da zai duba jarirai, me ya haɗa shi da haddar jijiyoyin gawa ko sarƙaƙiyar Bayokemistiri. To, jarrabawar da ake yi a aji uku kan Anatomi, Fiziyoloji da Bayokemistiri ita ce rariyar da ke tace mutane, wanda ya faɗi ya maimaita, wani ma a sallame shi. Ban da haka, wanda bai fahimci yadda jiki ke riƙe ruwa da gishiri ba, ba zai iya ceton yaron da gudawa ta tsotse ba. Wanda bai san aikin hanta ba, zai tsaya yana kallon jariri mai shawara bai san lokacin da abin ya zama haɗari ga ƙwaƙwalwa ba. Gyaran shi ne duk babin da ka karanta, ka tambayi kanka yadda abin yake a jikin ɗan wata uku.

Lissafi ma haka. Wasu suna murna sun rabu da shi tun sakandare. Maganin yaro kuwa da nauyinsa ake aunawa, miligiram kaza a kan kowane kilo, kuma ɗigo ɗaya na tsakanin lambobi da aka saka ba a wurinsa ba yana iya ninka magani sau goma. Ka saba da lissafin da hannu tun yanzu, kada ka jingina da waya.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗalibin da ke ganin littafi kaɗai ya ishe shi, yana guje wa ɗakin marasa lafiya sai ranar da malami zai kira suna. Jariri ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Daga bakin uwa za ka samo labarin, kuma samo shi fasaha ce da ba a koyonta a laburare. Wata uwar ɗan fari ne a hannunta, kunya ba za ta bari ta faɗi sunansa ba, balle ta yi dogon bayani gaban surukarta. Wata an riga an kai yaron wajen wanzami an cire masa beli, ko an ɗura masa jiƙo kwana uku, kuma in ka ɗaure fuska ba za ta faɗa ba. Ka gaishe ta tukuna, ka ce, "Mama, sannu da jinya, me aka ba shi a gida kafin ku zo?" Cikin taushin murya za ta faɗa maka komai, har da abin da kakar yaron ta hana a faɗa. Jin Hausa kaɗai bai wadatar ba, sai ka koyi bayyana cuta da ita, yadda matar da ta taso daga ƙauyen Mai'aduwa ko Zango za ta koma gida ta san yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari.

Haka nan kada ka ɓata ƙarfinka kan cututtukan da sai a littattafan Turai ake yawan ganinsu, ka bar waɗanda ke cika gadajen Asibitin Turai Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina: zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta da damina, tamowa, ƙyanda, sanƙarau, amosanin jini, ciwon huhu da mashaƙo. Ka haddace jadawalin rigakafi. Ka iya auna damtsen yaro da tef, ka san cewa daga wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 na nufin tamowa mai tsanani. Idan an yi hutu ka dawo gida, nemi izini a babban asibitin Daura ko wata cibiyar lafiya ta kusa, ka zauna tare da nas-nas ranar awo da rigakafi. Su ne za su nuna maka yadda ake riƙe jariri da yadda ake nemo jijiya a hannun yaron da ya bushe.