Yadda zaka gane giyar mulki ta fara kama ka

So duka so ne amma son kai ya fi, kuma ni gaskiya bana ganin laifin mutum ya nemi na kansa. Matsalar tana farawa ne ranar da biyan buƙatarka sai ka danne wani, kuma ba'a cika gane halin mutum ba sai ya samu kujera, ko da ta mai sa hannu a takarda ce a ofis.

Ka fara gwada kanka a inda babu ido. Aflatun, masanin nan na Girka, ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, in ya juya shi a yatsa sai ya ɓace ba mai ganinsa, ƙarshenta ya kashe sarki ya haye gadon. To muƙami ma irin wannan zoben ne, domin ana ganinka amma ba mai iya ce maka don me. Duk abin da zaka sa wa hannu ka tambayi kanka, da gobe za'a karanta shi a gaban waɗanda abin ya shafa, zan sa hannun? In kaji gabanka ya faɗi to ajiye biron.

Sannan ka raba aljihunka da na aiki tun daga ƙananan abubuwa. Ana ruwaito cewa Umar bin Abdul'aziz, wanda yayi halifanci daga 717 zuwa 720, in aka kawo masa zancen gidansa sai ya kashe fitilar baitulmali ya kunna tasa. Fitila fa! Ba wanda yake farawa da babbar sata, da motar ofis ake farawa, sai ɗan'uwa da aka tsallakar a layi, kana ce wa kanka ai na cancanta, ai ni nake wahalar.

Abin da yafi damuna kuma shine kunne. Ka lura, yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya ce maka ranka ya daɗe wannan ba daidai bane? In an kwana biyu ba wai ka daina kuskure bane, 'yan amshin shata ne suka zagaye ka. Ka nemo mutum ɗaya wanda baya cin komai a hannunka, ka ba shi dama ya riƙa gaya maka gaskiya, in ya faɗa kar ka katse shi kuma kar ka kare kanka nan take, ka bari ka kwana da maganar tukuna ka ba shi amsa.