Idan kamfani ya janye garaɓasa, me shugaban sashe zai yi?

A watan Maris na 2022 kamfanin Meta, mai Facebook, ya shaida wa ma'aikatansa cewa wanki da guga na kyauta sun ƙare, abincin dare kuma da ake fara rabawa ƙarfe 6 ya koma 6:30. Shekara guda bayan nan Ruth Porat, mai kula da kuɗin Google a lokacin, ta rubuta cewa za a rage wuraren cin abinci a ofisoshi, a kuma daɗe ba a sauya wa mutum kwamfuta ba. Kuɗin ruwa ya hau a Amurka, masu hannun jari sun matsa a tsuke bakin aljihu, garaɓasa kuwa ita ke fara tafiya. Kai da ke riƙe da ƙaramin sashe ba a shawarce ka ba, amma fuskarka za a kalla da safe.

Abu na farko, ka riga jita-jita. Ni ba na tura saƙo, tara su nake in faɗa da bakina: an cire kaza, daga ranar kaza, dalilin da aka ba mu ke nan. Kada ka shafa wa maganar zuma ka ce ci gaba ne. Manya ne, sun iya lissafi.

Ka kuma shirya wa tambayar da ba za su furta ba. Wanda aka janye wa shayi ba shayin ke damunsa ba, tunaninsa ko korar ma'aikata ce ke tafe. Yana da hujja: Meta ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022, Google ta sallami 12,000 a Janairun 2023. In ka san matsayin sashenku, faɗa. In ba a gaya maka ba, kada ka ɗauki alkawarin da ba naka ba.

Kuskuren da na fi gani wurin shugabanni shi ne raina abin. "Don wanki kawai?" Tun 1959 Frederick Herzberg, masanin halayyar ɗan Adam a wurin aiki, ya nuna cewa irin waɗannan abubuwa ba sa sa mutum ƙaunar aikinsa, amma rashinsu na ɓata rai. Saboda haka zauna da kowa shi kaɗai, ka gano wane rami garaɓasar ke cike masa. Mai ƙananan yara, wankin nan hutun ƙarshen makonsa ne. Sabon ɗauka da bai san kowa ba, a teburin cin abinci yake samun wanda zai nuna masa hanya. Wani ma bai taɓa amfani da ita ba, yadda aka sanar ne ya ƙona masa rai.

Daga nan sai ka biya da abin da ke hannunka, wato lokaci. Soke taron da kowa ya san ba ya haifar da komai. Bar mai ɗauko yara ya tashi da wuri. Haɗa sabon nan da tsohon hannu su zauna sau ɗaya a mako. Wanda ya yi aiki mai kyau, ambaci sunansa gaban manyanku, ka faɗi takamaiman abin da ya yi.

Ka dai guji rabon riguna da kofuna masu tambarin kamfani a makon da aka yanke abinci. Kuma in an hana na ƙasa, kada a gan ka a liyafar shugabanni ranar.