Darasi na 7: Yadda ake fitar da ruwan wanki daga aduwa

Kowa ya san aduwa: ana tsotsar 'ya'yanta, ana fasa ƙwallon a sami mai. Amma a sassaƙenta da saiwarta da naman 'ya'yanta akwai wani sinadari mai kumfa, masana na kiran sa safonin. Ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya na kama ruwa, ɗaya na kama maiƙo. Shi ya sa in an cuɗa tufa da shi, yakan ɓamɓaro dauɗa ya bi ruwan ɗauraya da ita. Ya kuma fi sabulu jure ruwan rijiya mai zartsi, wanda ke kashe kumfa.

Ku samo sassaƙe daga reshen da aka riga aka sare. Kada ku zagaye gindin bishiya da sara, yin haka kashe ta ne. Ku wanke, ku shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, sannan ku daka a turmi. Gwangwani 1 na garin, gwangwani 10 na ruwa. A jiƙa ya kwana. Da safe a ɗora a wuta kaɗan-kaɗan kamar rabin awa, a tukunya mai zurfi, don yana saurin tasowa ya zube.

Fitarwa ke nan, kuma ba ta da wuya. Aikin yana wajen tacewa, nan ne masu gaggawa ke yin asara. Ruwan da aka sauke ya kwaso ƙasa da dusar itace da launi, in aka sa wa farar riga a haka sai ta yi jirwaye. Ku fara da rariya, ku bi da ƙyalle mai tsabta ninki biyu. Kada ku matse ƙyallen da ƙarfi, don dusar da kuka tare ce za ku sake turawa ciki. Ku rufe, ku bar shi ya kwanta har yamma. Ku tsiyaye na sama a hankali, ku zubar da lakar. In bai washe ba, a sake tacewa. Daga nan a mayar wuta har ya koma rabi.

Masana kan ƙara tace shi da sinadarai a ɗakin gwaji har ya zama gari. Don wankin gida ba a bukatar wannan.

Ga gwaji: ku zuba kaɗan a kwalba, ku ƙara ruwa, ku girgiza. In kumfar ta kai minti 10 ba ta kwanta ba, ya yi. Ba ya daɗewa, cikin 'yan kwanaki zai yi tsami, don haka ku ajiye busasshen garin, ku riƙa dafa daidai bukata.

Sai a kula. Yana da zafi a ido, kuma ba na sha ba ne. A 1933 wani likita mai suna Archibald ya nuna a Sudan cewa 'ya'yan aduwa na kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Kifi ma yana kashewa, saboda haka kada a zubar da ragowarsa a tafki ko kududdufin kifi. A haƙa rami a zuba.

Aiki: Ku rubuta matakan tacewa a littafinku. In garinku gwangwani 3 ne, ruwa nawa za ku zuba?