Yadda Ake Rainon Karen Gadi Har Ya Riƙa Jin Maganar Mai Shi

Yawancin waɗanda suke ɗauko ɗan kwikwiyo a karon farko buri ɗaya gare su, wato ya girma ya yi zafi har ɓarawo ya ji tsoron gilmawa ta bayan katangar gidan. Wannan burin ne yake kai su ga ɗaure shi a turke tun yana ƙarami, a ɓoye shi daga idon jama'a, a riƙa tsokanarsa, wasu ma har su zuba masa barkono a abinci. Bayan shekara guda sai a wayi gari da kare wanda mai gidan kansa ba ya iya sa masa sarƙa sai da sanda a hannu, ranar da aka manta ƙofa a buɗe kuma ya ciji almajiri ko ya kashe tunkiyar maƙwabta, magana ta ƙare a gaban mai unguwa. Haushi da tsare gida ba sai an koya wa kare su ba, domin zai yi su da kansa idan ya balaga. Abin da yake bukatar horo shi ne ya daina idan an ce ya daina, ya kuma dawo idan an kira shi, ko da yana tsakiyar bin wani abu.

Kafin a tafi neman kwikwiyo, a fara warware dalilin ajiye shi. Hadisan da Buhari da Muslim suka ruwaito sun nuna cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ladansa yana raguwa kullum, malamai da dama kuwa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun idan akwai bukata ta gaske. Masu sharhin Risala sun kawo labarin cewa marubucinta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik na ƙin ajiye kare a gida sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. A aikace, kare yana da wurinsa a tsakar gida ko bayan gida, ba ya shiga ɗakin kwana, kuma yana da kaskonsa na ci da na sha waɗanda ba a haɗa su da kwanukan gida, tunda kowa ya san hukuncin wanke ƙwaryar da kare ya sa wa baki sau bakwai. Haka kuma a nemi yardar uwargida, saboda ita ce za ta yini da shi yayin da mai gida yake kasuwa ko ofis. Gidan da katangarsa ba ta kewaye ba, ko gidan haya mai mutane da yawa, bai dace da kare ba ko kaɗan.

Mataki na farko shi ne zaɓe. Wanda bai taɓa ajiye kare ba ya ɗauki karen gida, irin wanda mafarauta da makiyaya suke yawo da shi, ya ƙyale manyan karnukan ƙasashen waje irin su Rottweiler da Boerboel da Caucasian ga waɗanda suka san aikin kuma suke da kuɗin ciyar da su. Caucasian karen duwatsu ne masu sanyi, gashinsa kuwa azaba ne gare shi a bazarar Sakkwato ko Maiduguri inda zafi kan haura digiri 40. Karen gida yana jure zafi, cinsa kaɗan ne, kunnensa kuma ba ya barci. Ko karen Azawak mai dogayen ƙafafu, wanda Buzaye suke tsaron zango da dabbobi da shi a arewacin Nijar da Mali, kuma Turawa suke saye da tsada, ɗan wannan yanki ne. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako 8, domin a wurinta da 'yan uwansa yake koyon sassauta cizo. A je a ga uwar da ido. Idan tana maƙalewa a lungu tana gurnani ga kowa, a nemi na wani gidan.

Sai wurin kwana da abinci, waɗanda ba su da wani sirri. A yi masa ɗan ɗaki ko keji mai inuwa da iska, ba mai rufin kwano a tsakiyar rana ba, tunda kare da haki yake rage zafin jikinsa, kuma kada kaskon ruwansa ya taɓa bushewa. Yana cin abinci sau 4 a yini har wata 3, sau 3 har wata 6, daga nan sau 2. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba sa gina kare, sai an haɗa da kifi ko ƙwai ko kayan ciki da aka dafa, kuma ragowar mahauta ta fi abincin leda araha nesa ba kusa ba. A guji ragowar miya mai albasa da yawa saboda albasa tana lalata masa jini, a kuma guji dafaffen ƙashin kaza, wanda yake tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji.

A makon farko a kai shi wurin likitan dabbobi. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri. Allurar haɗin gwiwa da take kare shi daga cutar nan mai sa amai da gudawar jini, wadda likitoci suke kira fabo, ana fara ta tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16. Allurar haukan kare ana yin ta idan ya cika wata 3, sannan a sabunta kowace shekara. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta, kuma a wurare da dama akan yi gangamin rigakafi a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da wannan cuta ta duniya. Allura tana lalacewa idan ba a ajiye ta cikin sanyi ba, don haka wadda aka zaro daga aljihu a kasuwar dabbobi asarar kuɗi ce. A karɓi kati, a adana shi tare da takardun gida.

Yanzu ga matakin da mafi yawan mutane suke faɗuwa. Daga mako na 3 zuwa wajen mako na 14 na rayuwarsa, kwikwiyo yana karɓar duk abin da ya gani a matsayin abin yau da kullum, bayan haka kuwa sai ya fara zargin kowane sabon abu. Wanda ya ɗauko shi yana ɗan mako 8 ke nan makonni kaɗan suka rage masa, kuma waɗannan makonnin ne masu neman kare mai zafi suke ɓatarwa ta hanyar kulle shi a bayan gida. Sakamakon haka shi ne kare matsoraci, matsoracin kare kuwa shi ne yake cizo ba gargaɗi, saboda bai iya bambanta ɗan garuwa da ɓarawo ba.

Abin da ya kamata shi ne a riƙa fito da shi zaure ko ƙofar gida kullum, a zauna da shi na ɗan lokaci yana kallon duniya: mace mai goyo, mai hijabi, dattijo mai rawani da sanda, yara masu dawowa daga Islamiyya, babur, amalanke, awaki da kaji. Tunda bai gama allurarsa ba, a riƙe shi a hannu ko a ɗora shi kan tabarma, kada a bar shi yana shinshinar ƙasar da karnukan titi suke bi, domin ƙwayar cutar fabo takan yi watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Duk lokacin da ya ga sabon abu ya natsu, a ba shi ɗan gutsuren busasshen kifi. Idan ya firgita, a matsa baya kaɗan har ya huce, kada a tura shi gaba da ƙarfi. Yaran gida kuma a ja musu kunne sosai a kan jan wutsiya, da jifa, da taɓa shi yana cin abinci ko yana barci. Kaji da awakin gida a gabatar masa da su yana ɗaure da igiya, da zarar ya zabura a ce masa "bari" a juya shi, ya natsu a saka masa. Karen da ya taɓa kama kaza ya ji daɗin abin, raba shi da wannan hali aiki ne babba.

A cikin waɗannan makonni ne kuma ake koyar da kira, wanda ya fi duk sauran darussa muhimmanci. A zaɓa masa gajeren suna, a zaɓi kalma ɗaya, "zo", kowa a gidan ya yi amfani da ita. Idan mai gida yana cewa "zo", uwargida tana cewa "taho nan", yara suna fito, kare ba zai riƙe ko ɗaya ba. A fara a tsakar gida kafin cin abinci, lokacin da yake jin yunwa. A tsuguna, a kira sunansa sau ɗaya, a ce "zo". Idan ya iso, a fara kama abin wuyansa tukuna sannan a ba shi kifin, domin in ba haka ba zai koyi wartar lada ya zille. Daga nan a sake shi ya koma wasansa. Wannan sakin yana da muhimmanci ƙwarai, saboda idan duk kiran da aka yi masa yana ƙarewa da ɗauri, ba da daɗewa ba zai gane cewa "zo" na nufin ƙarshen jin daɗi. Minti 5, sau 2 ko 3 a yini, ya wadatar.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a kiran kare don a doke shi. Kare yana danganta lada ko horo da abin da ya yi a cikin 'yan daƙiƙoƙin da suka wuce ne kawai. Mutumin da ya dawo da yamma ya tarar an tauna masa takalmi tun safe, ya kira karen, karen ya zo, ya zabga masa bulala, abin da ya hukunta shi ne zuwan. Gobe zai kira har muryarsa ta dushe, karen yana tsaye daga nesa yana kallonsa, shi kuma ya ce karen taurin kai gare shi. Haka nan idan an kira shi ya ƙi, kada a bi shi da gudu, domin a wurinsa wasan tsere ne, kuma shi zai ci. A juya masa baya a yi kamar za a tafi, yawanci zai biyo. Idan ya ƙware a tsakar gida, a ɗaura masa igiya mai tsawon mita 10, a gwada a gaban kaji, sannan a ƙofar gida, sannan a fili. In ya yi kunnen ƙashi a janyo igiyar a hankali, ya iso a saka masa kamar da kansa ya zo. Ba a kwance igiyar nan a waje sai ya zama yana amsa kira kusan kowane lokaci, ko da akuya tana gilmawa.

Wanda ya yi haƙurin wannan mataki shi ne yake shan daɗin kare. Zai san ƙarar babur ɗin mai gida tun daga kan kwana, ya raka shi gona ya kwanta gindin bishiya ba ya damun kowa, ya tona asirin maciji a cikin kara, da dare kuma haushinsa ya zama abin da ake tashi a duba, tunda ba ya yin sa a banza.

Sauran darussan duk a kan wannan tsari suke. "Zauna" ana koyar da shi ta ɗaga abinci sama da hancinsa har gindinsa ya taɓa ƙasa, kuma ya zauna kafin a ajiye masa kasko da kafin a buɗe ƙofa. Wajen tafiya da igiya, idan ya ja a tsaya cak, in ya sassauta a ci gaba. Sarƙa ta ɗan lokaci ce, kamar sa'ad da baƙi suka zo ko ake aiki a gida, amma karen da yake yini ya kwana a turke shi ne mai haushin da yake hana unguwa barci. A fita da shi da asuba ko bayan la'asar, a sake shi cikin gida da dare bayan an tabbatar an kulle ƙofa.

Wajen wata 6 zuwa 8 zai balaga ya fara yin kamar bai taɓa jin "zo" ba; a mayar da doguwar igiya na 'yan makonni. Namijin da ba a bukatar irinsa a kai shi likita ya fiɗiye shi, yawon dare zai ragu. Karya tana neman barbara kusan sau 2 a shekara, na wajen mako 3, kuma idan ba a kulle ta ba, bayan kimanin kwana 63 za a sami kwikwiyoyin da ba a shirya musu ba. Kaska da ƙuma suna yawaita da damina, a riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu, a yi amfani da maganin da likita ya bayar maimakon na feshin gona. Maganin tsutsar ciki ga babban kare duk wata 3 ne.

Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a kai mutumin asibiti a ranar, mai kare ya ɗauki nauyin magani ba tare da gardama ba, domin ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana kusan ba a tsira. Kada a yi gaggawar kashe karen. A kulle shi, a kira likitan dabbobi ya sa masa ido na kwana 10, a kuma tafi asibitin da katin allurarsa.