Yadda za ka kashe harafi ɗaya a samaltiniyos ikweshin

Duk shekara in WAEC da NECO sunka matso, yaran da nike yi ma lesin a Mabera sai an samu wanda zai ce min malam ni fa wanga lissafi mai x da y a layi biyu, wato samaltiniyos ikweshin, ba ya shiga kaina. Wallahi abin yana damuna, domin yaro ɗaya ne ke zuwa kasuwa ya yi wannan lissafin da ka ba tare da biro ba, amma da ya ga haruffa sai gabansa ya faɗi.

To bari mu fara daga wajen mai fura. Ka sayi fura 3 da nono ludayi 2, ka biya naira 700. Ƙanenka ya zo bayanka ya sayi fura 1 da nono ludayi 2, ya biya 500. Nawa ne fura ɗaya? Nononku iri ɗaya ne, saboda haka ba shi ya kawo bambancin kuɗin ba, fura 2 da ka fi shi su ne naira 200 ɗin, kenan ɗaya 100 ce. Abin da ake ce ma eliminashin kenan, ka kawar da abu ɗaya don ɗayan ya fito fili. A takarda fura ita ce x, nono shi ne y:

3x + 2y = 700
x + 2y = 500

Ka ɗebe layin ƙasa daga na sama, 2y ta tafi da 2y, saura 2x = 200, x = 100. Sai ka ɗauki 100 ka mayar cikin layin da ya fi sauƙi, 100 + 2y = 500, 2y = 400, y = 200.

Wani lokaci kuma tarawa za ka yi ba ɗebewa ba. Dubi 3x + y = 11 da 2x − y = 4. Nan y ta sama tana da filas, ta ƙasa tana da mainos, in ka tara su sun cinye juna, ka samu 5x = 15, x = 3, y = 2. Ka riƙe wannan: alama iri ɗaya ɗebewa, alama daban tarawa.

Inda yara sunka fi tsayawa shi ne in babu lambar da ta yi daidai da 'yar'uwarta, misali

2x + 3y = 13
3x + 2y = 12

A nan kai za ka daidaita su da kanka. In x kake son kashewa, ka ninka layin sama sau 3, na ƙasa sau 2, duka biyun su koma 6x. Amma don Allah ka ninka komai da komai har lambar da ke bayan alamar daidai, ita ce ake mantawa da ita kullum, yaro ya ninka 2x da 3y ya bar 13 zaune yadda take, daga nan komai ya lalace. Na sama ya zama 6x + 9y = 39, na ƙasa 6x + 4y = 24. Ɗebe, 5y = 15, y = 3. Mayar da ita sama, 2x + 9 = 13, x = 2.

Yanzu ga ramin da nike so in daɗe a kansa, mainos. Akwai wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai da na ba x + 2y = 8 da x − y = 2, ta zaɓi ɗebewa don ta kashe x, kuma daidai ne, amma da ta zo kan y sai ta rubuta 2y ban da y saura y, ta samu y = 6, ta ja layi biyu ƙarƙashi tana murmushi. Na ce mata ƙanwata sake dubawa, abin da kike ɗebewa mainos y ne, kuma in an ɗebe mainos ya koma filas, 3y = 6 ke nan, y = 2, x = 4. Dabarar da nike ba su ita ce in za ka ɗebe, ka juya alamar kowane abu na layin ƙasa da fensir tukuna, sannan ka tara kawai. Yana cin daƙiƙa goma amma ya fi ka rasa maki.

Kuma kar ka tashi sai ka gwada amsarka a layin da ba ka yi amfani da shi ba. Da yarinyar nan ta sa y = 6 a sama za ta samu x = −4, ta kai ƙasa −4 − 6 ya ba ta −10 maimakon 2, da nan take ta gane. A JAMB ma da zaɓi huɗu ne gabanka, gwajin nan kaɗai yana iya fidda kai.

Af, kalmar aljebra ma daga Larabci take, al-jabr, daga aikin Al-Khawarizmi na Bagadaza wajen shekara ta 820, ita kuma hanyar kashe harafi mutanen Sin sun yi ta kusan shekara 2,000 da sunka wuce, tun kafin a liƙa mata sunan Gauss Bajamushe. Nakan faɗa ma yara haka don su daina ganin abin kamar na Turawa ne kaɗai.

In ka ɗebe sai x da y duka sunka ɓace kar ka ruɗe. In abin da ya rage 0 = 0 ne, kamar x + y = 5 da 2x + 2y = 10 in ka ninka na farko sau 2 ka ɗebe, magana ɗaya ce aka maimaita, amsoshi ba iyaka. In kuma 0 = 3 ya fito, kamar a ce na biyun 2x + 2y = 13 ne, layukan sun saɓa ma juna, sai ka rubuta babu amsa ka wuce tambaya ta gaba.